Sandar Waya a Kwaciri

Sau huɗu cikin wata biyu wayar intanet tana karyewa a kan sanda ɗaya a Kwaciri. A karo na biyar kamfanin ya kai ƙara ofishin 'yan sanda, aka tsare Bahauddeen mai gwangwan don kawai an ga kurarsa a gindin sandar.

Abin bai kwanta wa Insfekta Kyari ba. Mai gwangwan tagulla yake nema, me zai yi da wayar gilashi?

Injiniyar kamfanin, Bridget, ta ɗora masa guntun wayar a tafin hannu, siririya kamar gashi. Ta ce zaren gilashi ne, ƙarfinsa duk yana cikin rigar robar da ke jikinsa. Muddin rigar tana nan, sai ka ja ka gaji bai tsinke ba. Idan aka kankare ta, laima ta shiga, ɗan ƙarzanen da ido ba ya gani ya yi ta girma, bayan kwana goma zaren ya karye da kansa.

"Yanka aka yi?"

"A'a, Yallaɓai. Fere rigar aka yi, kuma hannun gwani ne."

Takardun aiki sun nuna mutum ɗaya ke zuwa gyaran kullum, Chimezie na Sabon Gari. Da aka tambaye shi, ya ce ɓeraye ne, kuma bai san kowa a layin ba. Kyari bai ga sawun haƙori ko ɗaya ba.

Hajiya Yakaka mai shago a layin ta yi dariya. Ta ce aikin minti ashirin, bawan Allah sai ya share awa biyu a sama, kuma ba waya yake kallo ba.

Kyari ya sa aka kafa tsani ya hau, gwiwoyinsa suna ƙorafi. Daga sama ana hango tsakar wani gida, da yarinya 'yar shekara biyar tana tsallen igiya. Ya daɗe bai sauko ba. Nasa 'ya'yan suna Maiduguri, rabonsa da su tun babbar Sallah, kewarsu ta taso masa.

A ofis ya tambayi Chimezie, "Wace ce yarinyar?"

Chimezie ya sunkuyar da kai. Ya ce Amarachi ce, 'yarsa. Aurensa da uwarta ya mutu yarinyar tana goye, uwar ta hana shi ko ƙofar gida. Duk ranar da ya gyara wayar, sai ya fere rigar kaɗan don a sake turo shi.

"Ka san an kulle wani saboda kai?"

"Na sani, Yallaɓai. Na kasa daina hawa ne."

Aka saki Bahauddeen. Da za a wuce da Chimezie kotu, Kyari ya ce wa direba ya bi ta Kwaciri, a hankali. Yarinyar tana bakin ƙofa. Ta ɗaga hannu tana murna, ta ce, "Mama, ga mai gyaran waya!"

Chimezie ya ɗago hannayensa biyu, da ankwa, ya mayar mata.