Durowar da ta faɗo ranar jere

"Ba inda zan je sai ka biyo ni ka ga ɓarnar da ka yi mana."

Jawahir ce tsaye a tsakiyar shagon Ambrose kafinta a Sabon Gari, gyalenta ya zame ba ta ma sani ba. Yarinyar da a layinsu na Fagge ba a taɓa jin muryarta ta tsallake katanga ba, yau har masu walda na kusa sun kashe inji sun leƙo.

Ambrose ya ajiye zarto. "Madam, ki zauna mana mu yi magana."

"Ba zama ya kawo ni ba. Garantin shekara ka ba Babana. Ko wata ba a rufa ba!"

Jiya aka yi mata jere. Goggo Yagana, ƙanwar mahaifinta, ta kwashi matan dangi zuwa gidan da Ikrama, angonta, ya kama. Aka shirya tangaran a durowar bangon kicin, Goggo ta tura kwalaben humrar da kakar Jawahir ta haɗa da hannunta can saman, don kada yara su taɓa. Dangin ango na shigowa ganin jere, ana tsakiyar guɗa, durowar ta rabu da bango ta kife ƙasa da duk abin da ke cikinta.

Ba fashewar kayan ce ta hana Jawahir barci ba. Maganar Raudha ce, 'yar ƙanwar mahaifiyar Ikrama, wadda kowa ya san ta so a ce ita ake wa wannan jeren. Raudha ta dafe ƙirji, ta karya murya.

"Allah sarki... da an faɗa mana ai da mun taimaka. Katakon gwanjo haka yake, sai kyan ido."

Kafin magariba zance ya karaɗe Fagge: Malam Kyari mai huluna ya yi wa 'yarsa tilo kicin da gwanjo. Dattijon da ba ya fashin jam'i, ranar a ɗaki ya yi sallarsa. Goggo kuwa ta rantse ba amaryar da za a kai sai an wanke sunan yayanta.

Dole Ambrose ya bi ta gidan. A kicin ɗin ƙamshin humra ya tare su tun daga ƙofa. Ambrose ya daɗe yana kallon bangon, sannan ya zaro waya ya miƙa mata.

"Hoton ranar da na gama ne. Kin ga saman durowa daidai yake da saman taga? Ramukana suna can, an toshe an shafa fenti. Waɗannan na ƙasa ba nawa ba ne. Wani ya sauke ta ƙasa-ƙasa, ya kafa ta da ƙusa kawai. In hannun wani ya shiga aikina, Madam, garanti ya tashi."

Ta dubi hoton, ta dubi bangon.

Makullin gidan nan biyu ne. Ɗaya yana aljihun Babanta, ɗaya yana hannun Ikrama.

Ta kira Ikrama, ta ce ya zo yanzu, ta kashe kafin ya tambayi dalili. Daga ofishinsu na Titin Ibrahim Taiwo ba nisa, sai ga shi da fara'arsa. Yana ganin Ambrose fara'ar ta gudu.

"Jawahir ɗita, lafiya..."

"Wa ya sauke durowar nan?"

Ya kawar da kai.

"Ikrama, kalle ni. Wa ya sauke ta?"

"Ni ne."

Ta dafa bango.

"Ranar da kuka zo dubawa da Goggo," ya ce, idonsa a ƙasa, "na ga kin yi ɗage kin miƙa hannu, ba ki kai marfin ba. Kika yi dariya kika ce sai kin zo da kujera. Abin ya tsaya mini a rai, sahiba. Na ɗauka ƙaramin aiki ne."

"Kada ka sake ce mini sahiba. Jiya ka kira ni. Me ka ce mini?"

"Na ce... ki yi haƙuri, ƙaddara ce."

"Ina kuka ina faɗa maka Babana ya kasa fita masallaci, ka ce ƙaddara ce. Ka sani, ka yi shiru."

"Kunya na ji, wallahi. Kin san ango ba ya sa hannu a kayan ɗakin amarya. A gidanmu cewa za a yi na zama mijin-ta-ce tun ba a shafa fatiha ba."

"To ka zaɓa. Ka ajiye kunyarka, aka zubar da mutuncinsa." Hawaye ya zubo, ta share da ƙarfi, don haushinsu take ji. "Ina sonka, Ikrama, ka sani, shi ne ma abin da ya fi ƙona mini rai. Amma ba zan taka sunan Babana in shigo gidan nan ba."

Ta juya ga kafintan. "Malam Ambrose, na ci maka mutunci a gaban mutane. Ka yafe mini."

"Ba komai, Madam. Ni ma ina da 'ya."

Ta fice, ba ta waiwaya ba.

Washegari wayarta a kashe ta wuni. Da la'asar tana kwance ta ji hayaniya a ƙofar gida, sai Goggo ta finciko ta zuwa soro, suka laɓe a bayan ƙyaure. Maza sun fito daga masallaci an cika layin. Motar gidan su Ikrama na gefe, mahaifiyarsa a ciki, Raudha kusa da ita fuska a murtuke. Shi kuma ga shi durƙushe a ƙasa, da farar shaddarsa, a gaban Malam Kyari da aka fito da shi da ƙyar. Ambrose na tsaye a bayansa.

"Baba, katakon da ka sa aka yi na gari ne, aikin ma na gari ne," in ji Ikrama, da ƙarfin da na ƙarshen layi zai ji. "Ni na sauke durowar na mayar da hannuna, ban iya ba. Aka zage ka ina ji, na yi shiru. A nan aka ɓata sunanka, shi ya sa na zo in faɗa a nan."

Malam Kyari ya ƙura masa ido.

"Don me ka sauke ta?"

Ikrama ya sunkuyar da kai. "Hannun Jawahir ba ya kaiwa, Baba."

Wani tsoho ya tuntsire da dariya, layin ya ɗauka. Malam Kyari bai yi dariya ba. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Tun tana ƙarama take hawa turmi ta ɗauko gishiri a gidan nan," ya ce a hankali. "Ni ubanta ban taɓa lura ba." Ya dubi Ambrose. "Ka mayar da ita inda yaron nan ya sa ta. Amma da hannunka."

"Zan yi, Alhaji. Garantin ma na sabunta shi, muddin ango ya bar mini guduma."

Goggo Yagana ta ja tsaki, ta rangaɗa guɗa a tare.

Aka ɗaura aure, aka kai amarya. Humrar kaka dai ta tafi, sai ƙamshinta da ya kama simintin kicin ya ƙi fita. Da safe Ikrama ya same ta a can, ya tsaya a bakin ƙofa kamar baƙo.

"Kin huce, amaryata?"

"Ban huce ba."

Ta juya masa baya, ta miƙa hannu don ɗauko kofi, jikinta har ya shirya yin ɗage yadda ya saba. Marfin ya buɗe, ƙafafunta duka biyu suna ƙasa.

Ta tsaya a haka, ba ta juyo ba, don kada ya ga idonta.

Kofi biyu ta ɗauko.