Randar Garin Tsingaro

A can wani zamani, an yi wata yarinya da ta gaji ginin tukwane wurin kakarta, da tsufa ya kwantar da ita. Da sana'ar suke ci.

Ta kwaɓa yumɓu, ta gina randa, ta gasa, randa ta fashe. Ta sāke ginawa, ta gasa, ta fashe.

Maƙwabta suka ce, "'Yar nan, kwashe tsingaron ki zubar, ki nemi wata sana'ar."

Ta kwashe, amma ba ta zubar ba. Ta tuna kaka takan daka shi ta zuba garinsa cikin yumɓu, don kada randa ta fashe a wuta. Ta daka, ta kwaɓa, ta gina, ta gasa. Da wuta ta mutu, ta ƙwanƙwasa randar, ta yi ƙara garau.

Daga ɗaki kaka ta rangaɗa guɗa, ta ce, "Jikalle, cika ta da ruwa, ni zan fara sha!"