Benen Mussa da Turaren Inna

A unguwar Mabera akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. Ita ce ƙarama a gidansu, don haka kowa Auta yake ce mata. Tana da maguna biyu, Kwalli da Madara. Kwalli baƙi ne wuluk, Madara kuwa fara sol.

Ba a barinsu su fita waje. Gidan a bakin titi yake, 'yan kabu-kabu kuma ba sa duban ƙasa. Ita kuwa mage sai ta hau sama take jin daɗi. Da suka rasa bishiya, sai suka koma hawa kantar littattafan Baba.

Ranar da Kwalli ya yage bangon wani littafi, Baba ya cire tabarau ya kira Auta.

"Zan saya musu wurin hawa nasu," in ji shi. "Amma in sunka sake taka littattafaina, shagon Kawu Lawwali za su, su yi ta kamun ɓera cikin buhunan gero. Kin jiya?"

"Na jiya, Baba."

Ranar Asabar Baba da Auta suka tafi Ƙofar Kware, wurin wani kafinta mai suna Malam Na'Allah. Ya kai su bayan shago, ya yaye wani tsohon buhu.

Auta ta saki baki.

Abin ya fi Baba tsawo. Ginshiƙai uku ne, an naɗe su da igiyar rama tsaf. Ga matakala, ga ɗan ɗaki mai ƙofa zagayayyiya, ga lilo. A can ƙoli kuma an kafa babbar ƙwarya don kwanciya.

"Benen mussa kenan!" in ji Malam Na'Allah, yana buga ƙirji. Mussa dai ita ce mage a bakinsa. "Hawa huɗu, ɗiyata! Ko ni da ni ƙera shi ban da irinai."

"Tabarakallah," in ji Baba.

"Sai dai abu guda. Ki aje shi yadda yake, kar ki sa mai komi. Mussa da hanci take gane gida."

Auta ta ce to, amma ba ta ji ba. Kanta na cikin ɗan ɗakin, tana leƙe.

Aka ɗaura benen a Keke Napep, kansa ya fito waje. Yara suka biyo su da gudu.

"Mine ne wanga? Gidan tantabara?"

"Kai, hasumiya ce!"

Auta ta zauna ta harɗe ƙafa, ko kallonsu ba ta yi ba.

Aka ajiye shi a falo. Baba ya wuce sallar la'asar. Inna ta shiga maƙwabta barka. Magunan na barci a uwar ɗaka.

Auta ta zagaya benen, ta sunsuna shi. Warin gam ne da katako da igiya.

"Haba!" in ji ta. "Sabon gida ba turare? Yayarmu Anti Nafisa ma da za ta tare, kwana biyu ana turara ɗakinta."

Ta ɗauko kasko, ta ɗebo garwashi, ta zuba turaren wuta har cokali uku. Ta lulluɓe benen da zanin gado, yadda Inna ke yi wa tufafi. Da hayaƙi ya kama, ta buɗe kwalbar humrar Inna, wadda ba a taɓawa sai da biki. Ta yayyafa wa igiyar daga sama har ƙasa.

Sannan ta rungumo Kwalli da Madara. Ta kama hanci ta rangaɗa guɗa irin ta tsofaffi.

"Ayyururui! Ga amare sun iso!"

Madara ta yi atishawa. Kwalli ya kwantar da kunnuwa, gashin bayansa ya miƙe. Suka fizge, suka yi tsalle ɗaya, sai kan kantar Baba, nesa da ƙamshin. Littattafai suka zubo rigijib! Kwalbar tawada ta kife a kan takardun da Baba ya yi sati yana rubutawa.

Daidai nan Baba ya yi sallama.

Ya dubi takardun, ya dubi magunan, ya dubi benen da babu kowa a kai. Ya cire tabarau.

"An saya musu bene sun ƙi," in ji shi. "Ɗauko mini kwando mai murfi."

Auta ta ɗauko kwandon. In ta yi shiru, magunan za su tafi da laifin da ba nasu ba. In ta yi magana, ga Baba, ga Inna. Madara ta leƙo daga saman kanta, ta ce "miyau" a hankali.

Auta ta fashe da kuka.

"Baba, ba su ba ne, ni ce! Ni na turara shi. Har humrar Inna na zuba."

"Humrar wa?" in ji Inna daga bakin ƙofa, mayafi a hannu. "Auta! Humrata? Kuma garwashi ƙarƙashin zanin gado, ke kaɗai a gida? Kina so ki ƙone mu?"

"Ki yi haƙuri, Inna. So nake su ji daɗi."

Baba ya kira Malam Na'Allah a waya, ya buɗe murya kowa ya ji. Kafintan ya yi dariya har da tari.

"Turare? Ga mussa? Ɗiyata, abin da ki ka ji kaɗan, ita hancinta kamar an hura mata barkono! Ku kwance igiyar, ku shanya shi rana kwana ukku. Ku naɗa sabuwa, ku goga mai tsumman da su ka kwana bisa."

Baba ya kashe waya.

"Don kin faɗi gaskiya, na ba su kwana uku," in ji shi. "Amma aikin naki ne."

Aikin kuwa ba wasa ba. Kullum in ta dawo makaranta, Auta na tsakar gida. Ta kwance igiya, ta wanke katako, ta juya shi a rana. Ta naɗa sabuwar igiya har tafin hannunta ya yi ja. Ta kuma goge tawadar da ta bushe a kan kantar Baba.

Rana ta uku da yamma aka mai da benen falo. Auta ta goga masa tsumman, ta koma gefe ta zauna. Ba ta ɗauki magunan ba, ba ta yi guɗa ba.

Kwalli ne ya fara zuwa. Ya sunsuna ginshiƙi. Ya goga kumatunsa. Ya miƙe, ya kafa farce a igiya, ƙarr, ƙarr.

Sai kawai ya tashi sama.

Auta ba ta ga lokacin da ƙafarsa ta bar ƙasa ba. Hawa na ɗaya, na biyu, na uku, babu ko ƙara. Ya juya a iska, ya sauka cikin ƙwaryar nan ta ƙoli. Madara ta bi shi, ta shige ɗan ɗakin, ta fito da kai ta ƙofar.

Inna ta tsaya da ludayi a hannu. Baba ya sauke littafinsa.

"Subhanallah," in ji Baba. "Dubi halitta! Ko rabin kamu bai kai ba, ya tsallake tsawona."

Kwalli ya leƙo daga ƙwarya, ya dube su duka, ya yi hamma.

"Mai da kwandon madafa," in ji Baba. "To, mi kinka koya?"

Auta ta share hanci. "In an yi mini bayani in saurara. Kar in taɓa abin Inna ba izini. Kuma abin da nake so, ba lallai ne shi wani yake so ba."

"Madalla. Da kin yi shiru kuma, da yau suna cikin gero."

Auta ta yi dariya, ta kwanta rigingine a kan tabarma. Har aka kira magariba tana kallon sama, inda wutsiyar Kwalli ke lilo a bakin ƙwarya.