Ƙwallon da Ke Shanye Girgiza

Da hantsi benen ƙarfen da ke ɗauke da injin tankaɗe tsakuwa ya rufto, ya danne ƙanin mai masana'antar. Kafin Sufeto ta iso rai ya yi halinsa. Ma'aikata sun yi cirko-cirko, an kuma ɗaure mai kula da injin, wani dattijo da ake kira Kurma saboda nauyin kunnensa.

"Shi ya kashe min ƙane," in ji Maigida, mai masana'antar. "Gudu ya ƙara wa injin."

Sufeto ba ta sayen magana a bakin mai gaggawa. Ta duba maɓallin gudu, ga shi a kan huɗu, tsatsa ma ta riƙe shi a wurin. Mai gadin masana'antar kuwa ba shi da makullin benen, ta sallame shi.

Cikin ɓaraguzan ta ga wani akwatin ƙarfe a buɗe, wayam. Ta kira mai waldar masana'antar.

"Me ake sawa a nan?"

"Ƙwallon ƙarfe, ranki ya daɗe. Girgizar injin takan zo daidai da rawar benen, kamar mai tura lilo. Ƙwallon ne ke dukan bangon akwatin, ƙwas-ƙwas, yana shanye ƙarfin. In babu shi, rawar sai ta yi ta ƙaruwa har..." Ya leƙa ciki, babu ƙwallon.

"Yau kun ji ƙwas-ƙwas ɗin?"

Aka kalli juna. Ba wanda ya ji, kuma Kurma kaɗai ke kusa da akwatin.

Ofishin Maigida na manne da benen. Da Sufeto ta shiga, ta ga maganin ciwon kai zube a tebur. Abin da aka tokare ƙofa da shi ya ja hankalinta: ƙwallon ƙarfe, duka ya goge shi fes.

"Yallaɓai, yaya ciwon kan?"

"Yau da sauƙi, tunda aka samu shiru..." Ya tsaya cak.

"Kai ka cire shi jiya. Kurma ba zai ji shirun ba, balle ya kashe injin. Da benen ya rufto ka gane, sai ka riga kowa nuna shi."

Maigida ya sulale ƙasa. "Ƙara kawai yake yi. Na zaci ba shi da amfani."

Sufeto ta kwance dattijon da hannunta. Ya murza wuyan hannunsa, ya dubi gawar, hawaye na zuba.

"Ranki ya daɗe, to wa ya kashe shi?"

Ba wanda ya iya ɗaga murya ya faɗa masa.