Gurbin da Sanda Ba Ta Kai Ƙasa

Ƙarshen ɗari ne, ruwa ya janye, kifi ya gudu zurfi ya kwanta. Abokan Zarami duk sun rataye raga sun tafi ban ruwan alkama, shi kaɗai ya rage a kogin Haɗeja. Kwana uku ke nan yana komawa gida hannu Rabbana.

Bayan isha'i ya kifa ciki a kan babban goransa na su, ya tura har tsakiyar gurbin nan da ko sandar tuƙa kwalekwale ba ta kai ƙasansa.

"Sannu da sanyi."

Wani dattijo ne daf da shi, ruwa iya ƙirji. Zarami ya ji daɗi, don rabonsa da muryar mutum a ruwa an yi mako.

"Yawwa, Baba. Kifi dai sanyi ya ɓoye mana shi."

"Suna nan, ɗana. Ga su ina ji suna gogar ƙafata cikin laka."

Zarami ya fara dariya, sai ta maƙale masa. Ruwa na ta ɗaga shi yana saukewa, amma dattijon ko gezau. Zarami ya haska tocila ƙarƙashin ƙirjin mutumin. Babu gora.

A tsaye yake.