Wanda Aka Bari a Zaure

Sunan ƙauyen ya ɓace mini. Na yi hunturu biyu a can ina karantar da yara, ko uku ne, Allah ya sani. Ƙauyukan Tatar da na zauna a gindin duwatsun Ural duk sun haɗe mini a kai yanzu. Amma gidan Minnigali ban manta shi ba, domin shi kaɗai ne gidan da na taɓa gani ba shi da zaure.

A yammacin da abin ya fara, rana ta faɗi da wuri, kamar yadda take yi in ƙanƙara ta kwanta. Shamsinur, matar Minnigali, ta haɗa shayi, ta yanka burodi, ta ajiye zuma. 'Yarsu tilo, Gulsirin, budurwa mai shekara goma sha bakwai, ta dawo daga tatsar saniya. Ta tsaya a bakin ƙofa da bokiti a hannu, tana neman inda za ta tuɓe takalma. Wata uku da tarewarsu a sabon gidan, har yanzu ƙafarta ba ta saba ba.

"Tuɓe su nan mana," in ji uwar. "Ubanki ya ce mun zama 'yan birni. Sanyi ma ɗan gida ne yanzu, ko sallama ba ya yi."

Minnigali ya yi kamar bai ji ba. Idonsa na kan gidan ƙanensa Fazuljan, a tsallaken titi.

Tsohon gidansu yana nan a baya, cikin fili ɗaya. Kakan Minnigali ne ya gina shi, gungume bisa gungume, da gansakuka a cushe tsakani, da zaurensa mai duhu inda ake karkaɗe ƙanƙara, a rataye rigar fata, a rufe ƙofar waje kafin a buɗe ta ciki. Minnigali bai taɓa ganin aibin gidan ba sai da Fazuljan ya dawo daga aikin haƙar mai a arewa, ya gina nasa da gilashi a gaba tun daga ƙasa har rufi. Kullum in rana za ta faɗi, hasken gilashin nan a idon Minnigali yake sauka. Bai je walimar tarewa ba, ya ce bayansa ke ciwo. Bai kuma taɓa taka gidan ba. Sai ya gina nasa, gilashinsa ya fi na ƙanen faɗi da taki biyu, ƙofa kuma tana buɗewa kai tsaye cikin ɗaki.

Ranar tarewa an fara shigar da kyanwa, yadda aka saba. Gulsirin ce ta rungume ta tana sumbatarta. Amma ɗaya rabin al'adar, wato a ajiye tsohon takalmi a zauren tsohon gida, a ce wa wanda ke zaune a gidan ba a ganinsa ya taso a tafi tare, a jawo takalmin da igiya har sabon gida, wannan Minnigali ya hana.

"Fazuljan ya leƙo ya gan ni ina jan takalmi kamar akuya? Allah ya sawwaƙe."

To, suna cikin shan shayin sai wani abu ya faɗo bisa rufi. Ya gangara a hankali, ya yi shiru. Na biyu ya daki gilashin, ya tsaga shi.

"'Ya'yan Fazuljan ne," in ji Minnigali. "Hassada ke cinsu."

Ya fita da fitila. Babu sawun kowa a kan ƙanƙara. Dutsen yana kwance cikin wani ɗan rami da ya narka wa kansa. Ya ɗauka, ya ji shi da ɗumi, baƙi ƙirin da hayaƙi. Dutsen murhun tsohon gida ne, murhun da rabonsa da wuta wata uku.

Daga ranar magariba ta zama abin tsoro a gidan. Takalman da aka zube a bakin ƙofa sai a tarar an jera su, duk sun fuskanci tsohon gida. A ji tari na tsoho a bayan bango. Kyanwa ta haye murhu ta ƙi saukowa. Sai Gulsirin ta fara ɓacewa. Da duhu ya soma, a waiga babu ita, a same ta a tsohon zaure, zaune bisa benci, ba takalmi a ƙafarta, idonta a buɗe ba ta ganin kowa. Ta daina cin abinci. A karo na huɗu yatsun ƙafarta sun yi fari fat, ma'aikaciyar jinya ta ƙauyen ta ce in ta sake, ƙafar za ta tafi, ko kuma ita kanta.

Shamsinur ba ta nemi izinin kowa ba, ta aika a kira Hazrat Yarulla, wani tsohon malami mai kiwon zuma a ƙauyen gaba. Na san shi. Ɗan gajere ne, ba ya ɗaga murya. Ko shi ne mai gemun nan ja? A'a, wancan wani ne.

Ya iso ana kiran magariba. Yarinyar ta riga ta kuɓuce, tana can bisa bencin. Hazrat ya yi sallama a ƙofar zauren, ya zauna a ƙasa, ya yi karatu mai tsawo, numfashinsa yana fita fari a cikin duhu. Iyayen suna tsaye a bayansa. Sannan ya ce, "Wane ne a nan?"

Bakin Gulsirin ya motsa, amma muryar kamar ta tsohuwar ƙofa.

"Sai yau aka tambaya."

"Musulmi ne kai?"

"Ina nan aka yi wa uban yarinyar nan huɗuba a kunne. Ta bayan ƙofa na ce amin."

"To me ya haɗa ka da 'yar mutane?"

"Ita kaɗai ke yi mini sallama. Tun tana tatata, in ta shigo sai ta ce salamu alaikum kafin ta tuɓe takalmi. Yanzu kyanwa take gaisarwa." Muryar ta ƙara ƙarfi. "Kyanwa, Hazrat! 'Yar shekara biyu! An ɗauke ta a ƙirji, an shigar da ita gaban kowa. Ni shekara casa'in ina tsaye tsakaninsu da sanyi. Ina jin dariyarsu ta cikin katako, ina jin ƙamshin miyarsu, ban taɓa tsallake dokin ƙofa ba. Na ce ai matsayina ke nan, na haƙura. Ran da za su tashi, har tsintsiya sun ɗauka. Tsintsiya!"

"An yi maka ba daidai ba. Faɗi abin da zai raba ka da ita."

"A bar mini ita."

"Ba za a bar maka ba. Sanyin da kake sha shekara casa'in, ita dare ɗaya zai kashe ta. Gawa za ta yi maka sallama?"

Sai muryar ta canza buƙata.

"To a yanka kyanwar."

"Ba a yanka wa kowa sai Allah. Kuma da girmanka, kishi da kyanwa?"

"To a ba ni bisa murhu, inda take kwana."

"Za ka iya da zafin?"

Can sai muryar ta ce, ƙasa-ƙasa, "Ban saba ba."

"To faɗi na gaskiyar."

"Zaurena. Waɗannan gungumen, ba sababbi ba. A kafa su a ƙofar sabon gida cikin kwana uku. Maigidan kuma ya ja takalmin da hannunsa, da rana tsaka."

Ƙofar sabon gida ɗaya ce, a tsakiyar gilashin take. Nan take Minnigali ya gane cewa sai an cire gilashin.

"Hazrat, gilashin nan fa, duk ƙauyen nan babu..."

"Dubi ƙafar 'yarka, Minnigali," in ji Shamsinur.

Muryar ta yi wata 'yar dariya maras daɗi. "Ni da kai ciwonmu ɗaya, maigida. Kai ma a waje kake tsaye, kana leƙen hasken wani."

Minnigali ya durƙusa, ya riƙe ƙafafun 'yarsa cikin tafinsa, ya ji su kamar ƙarfe. Ya ce, "Na yarda." Hazrat ya sa aljanin ya rantse, ya ci gaba da karatu. Yarinyar ta yi atishawa, ta dubi uwarta, ta fasa kuka tana cewa ƙafarta na ci da wuta. Hazrat ya ce alhamdu lillahi, ƙafar da ke ciwo tana da rai.

Amma gungume ba ya ɗaukuwa ga mutum ɗaya, kwana uku kuma ba yawa. Fazuljan ne ke da samari uku. Da safe Minnigali ya tsallaka titin da ya yi shekara biyu bai tsallaka ba. Ya tura ƙofar gilashin. Taki uku, sai ga wata ƙofar ta katako. Ya tura ta, ya tsinci kansa cikin duhu, cikin warin fata da ɗanyen ulu. Ga benci, ga riguna a rataye, ga wani tsohon takalmi a kusurwa da igiyarsa.

Fazuljan ya buɗe ƙofar ciki, ya tarar da yayansa tsaye baki buɗe.

"Kana da zaure?"

"Haba Yaya, wane mahaukaci zai gina gida ba zaure a ƙasar nan?" Sai ya tuna da gidan yayansa, ya sosa ƙeya. "Gilashin ai na rainon tumatir ɗin matata ne, don kada sanyi ya kashe shi. Da ka taɓa shigowa, da ka gani. Tuɓe takalmanka, shayi ya yi."

A rana ta uku, bayan azahar, Minnigali ya ja takalmin da igiya, ƙauye duk yana kallo. Fazuljan yana tafe a gefensa, babu wanda ya yi dariya. Gilashin kuwa aka jingine shi a bayan garke.

Gulsirin ta rasa ƙaramin yatsa guda, na hagu ko na dama, na manta. Ranar da zan bar ƙauyen na je yi musu ban kwana. Na yi sallama a zauren kafin na tuɓe takalmi, ba a amsa ba. Na daɗe a cikin ɗaki, sanyin ranar kuma har tsuntsu yake kayarwa. Da na fito na zura ƙafa, sai na ji takalmana da ɗumi.