Sunan Yankan Ummi

Hajiya Ɗelu ta jera faranti biyu a falo, alhali su uku ne a gidan.

"Momi, ni fa?" in ji Ummi.

Hajiya ta ɗago ta dube ta irin duban da ake yi wa baƙuwar da ta shigo ba sallama. Sai can ta dafe ƙirji, ta koma kicin da sauri ta ɗauko na uku. Ummi ta kasa cin abincin. Tsoro ne ya kama ta, don wannan ne karo na biyu cikin mako guda.

Abin ya faro ne daga aikin mahaifinta, Dakta Maitama, malamin tarihi a wata tsohuwar jami'a a Kuala Lumpur. Mutum ne mai kirki, amma Allah ya jarrabe shi da son a kira shi Farfesa. A ɗakin ƙasa na laburare, inda ba taga sai warin danshi, ya tono wani littafin hannu mai baƙar fata, ya ƙudurta shi ne zai kai shi kujerar. Da yake Ummi a nan ta tashi, ta iya karanta Malayanci da harufan Larabci, sai ya riƙa zaunar da ita tana karanta masa a bayyane.

Mus'ab, ɗalibinsa da ya zo daga Kano a kan tallafin karatu, kuma wanda yake neman auren Ummi, shi ya fara yin magana.

"Dakta, ka yi haƙuri. Mutum uku suka ari littafin nan kafin kai. Na duba rajista, gurbin sunayensu fari fat, kuma ba wanda ya tuna su."

"Hassada ce," in ji Dakta. "Ina ba ka ilimi, kana neman 'yata, kuma kana yi mini baƙin ciki? Kar in sake ganin ƙafarka a gidana."

Ba a yi wata ba sunan Ummi ya ɓace daga jerin 'yan ajinsu. Mai kantin unguwar Chow Kit da ya san ta tun tana goye ya tambaye ta ko yau ta zo gari. Maimakon Dakta ya dubi littafinsa, sai ya ce ai Mus'ab ne ya yi mata asiri don an hana shi. Haka aka yi ta yawo da sunan bawan Allah a cikin 'yan Najeriya, har a masallaci ana matsawa daga kusa da shi. Bai rama ba. Kullum da safe yana ɗakin ƙasa, yana bin gefen shafukan da ido, bakinsa a rufe.

Ranar Talata Ummi ta same shi a can tana kuka.

"Momi ma ta fara, Mus'ab. Kai ma za ka manta ni. Kawai ka tafi abinka."

"Ba inda zan je, Zahra," ya ce, don shi haka yake kiran ta. "Zo ki ga wannan."

Wani ɗan rubutu ne a gefen shafin ƙarshe. Dakta ya taɓa sa ta karanta shi, bai ba da ma'ana ba, ya ce shirmen mai kwafa ne. Ashe ba Malayanci ba ne ko kaɗan. Hausa ce da ajami, ta wani mahajjaci da ya biyo jirgin ruwa tun zamanin da, kuma Mus'ab a hannun kakansa ya koyi ajami. Ya karanta a zuci, sannan ya faɗa mata abin da ya ce: duk wanda ya karanta littafin a bayyane zai kama shi, kuma ba ya kuɓuta sai wadda ta haife shi ta kira shi da sunansa na yanka, a cikin ɗakin nan.

Ummi ta zame ta zauna a ƙasa. Ita 'yar fari ce, kuma sunan marigayiya kakarta aka sa mata. Dakta "Uwata" yake ce mata. Hajiya kuwa shekara ashirin da ɗaya "ke" take cewa, in ta matsu ta ce "'yar nan".

Mus'ab ya taka har gidan da aka kore shi, ana zuba ruwan sama da la'asar, ya durƙusa a bakin ƙofa, ya faɗa wa Hajiya abin da rubutun ya ce.

"Sunan surukata, a bakina?" in ji Hajiya. "Kuma 'yar fari? Ina zan sa fuskata?"

"Umma, ki gafarce ni. Yaya kamannin Ummi suke?"

Hajiya kuwa, wallahi ta nemi fuskar 'yarta a ranta ta rasa. Ko mayafi ba ta gyara ba ta fito, Dakta na biye da ita yana faɗa.

A ɗakin ƙasa suka tarar da wata yarinya a tsugunne, har ana hango kantar littattafai ta cikin jikinta. Faɗan Dakta ya tsaya cak. Hajiya ta yi yunƙuri sau biyu, harshenta ya ƙi. A na uku ta runtse ido.

"Fatimatuzzahra. Taso, 'yata."

Littafin ya rufe kansa. Ummi ta faɗa jikin uwarta da nauyinta duka, suka yi ta kuka.

Dakta ne kaɗai bai matso ba. Yana tsaye yana duban katinsa na aiki, inda hotonsa yake nan amma layin suna ya fara dusashewa. Ashe da ya ga karatun Ummi na tafiyar hawainiya, shi ma ya riƙa karantawa da bakinsa.

"Mus'ab," ya ce a hankali, "na zalunce ka, ka yafe mini. Ka kira liman gobe. Ina so in ba ka ita tun ana sanin ni ne ubanta."

"Dakta, za mu nemi wata hanya."

"Babu. Shekara tara ke nan da na binne mai kirana."

Aka ɗaura aure ranar Laraba. Mus'ab ya ci ribar haƙurinsa, Dakta kuwa ya nemi suna ya girma har ya rasa wanda aka yanka masa rago dominsa. Wanda duk son ɗaukaka ya toshe wa kunne daga gaskiyar na ƙasa da shi, to ya shirya biya da abin da ba ya sayuwa.

Da aka shafa fatiha, liman ya juya zai yi wa waliyyin amarya murna, ya miƙa hannu, sai ya tsaya.

"Malam, gafara dai," ya ce. "Daga wane ɓangaren kake?"